Ranar da Rukayya Ta Kasa Ɗaga Taɓarya

Akwai wata yarinya a wani ƙauye kusa da Kunci, sunanta Rukayya. Shekararta goma sha shida, tana aji biyar a sakandare. Ga fara'a, in ta je rijiya sai ta gaisa da rabin gari kafin ta dawo.

Saurayinta Ikrima bai fi sha tara ba, yana da shagon cajin waya a bakin kasuwa. Shi ya saya mata 'yar waya, kullum sai ya kira ya fi sau biyar.

"Muryar wane namiji nake ji?"

"Rediyon Baba ne."

"Rantse."

Sai ta rantse tana dariya. Ƙawayenta kuwa cewa suke, "Kin dace, ai sai mai son ka yake kishin ka."

Sannu a hankali abin ya wuce wasa. In ya zo zance sai ya karɓi wayar ya bincike ta. Ya goge lambar aminiyarta Sa'adiyya, wai gidansu samari sun yi yawa. Da makaranta ta zaɓe ta gasar kacici-kacici tare da wani ɗan ajinsu, ya ce ko shi ko gasar. Rukayya ta ce wa malamarsu ba ta da lafiya. Ta koma tafiya kai a sunkuye, ko gaisuwa ba ta amsawa sosai.

Duk da haka hankalin Ikrima bai kwanta ba.

Wata rana da azahar, lokacin girbin gero, tana dawowa daga kai abinci gona sai ta haɗu da taubashinta Tasi'u, ɗan kawunta. Ya tsokane ta kamar yadda suka saba tun suna yara, dariya ta ƙwace mata. Ashe Ikrima yana kan mashin yana hango su.

Tasi'u na wucewa ya tare ta a tsakanin gonaki, ya damƙi hannunta.

"Ni sai na roƙa kike min murmushi, shi kuma har da ƙyaƙyatawa?"

"Ɗan uwana ne fa, Ikrima!"

Ya murɗe hannun har kwanukan suka zube. "Ke kika ja. Kuma in wani ya ji, ni da ke har abada."

Kafin magariba ya turo saƙo: "Ki yafe min, son ki ne ya yi min yawa." Ta karanta tana kuka, ta kuma yafe.

Washegari mahaifiyarta, Inna Kaltume, ta zuba gero a turmi. Rukayya ta kama taɓarya, ta suɓuce mata. Inna ta janye hijabin da ke jikinta, ta ga wuyan hannu a kumbure, ga shatin yatsu.

"Faɗuwa na yi, Inna."

"Ƙasa tana da yatsu ne?"

Inna ba ta yi mata tsawa ba. Ta zaunar da ita tana gasa mata hannun da ruwan ɗumi, har Rukayya ta faɗi komai da kanta.

Mahaifinta Malam Sule ya kai maganar gaban mai unguwa, aka kira Ikrima da ubansa. Ikrima ya durƙusa yana hawaye.

"Wallahi kishi ne, ina son ta."

Mai unguwa ya juya wajen Rukayya. Ta ce, "Baba, tun da na san shi na rasa ƙawata, na yi wa malamata ƙarya, yau ko daka ba na iyawa. In wannan ne so, ya riƙe abinsa."

Ta ajiye wayar a kan tabarma, ta fita. Ta yi makonni tana kewarsa, amma ba ta koma ba. Da hannun ya warke, gidan su Sa'adiyya ta fara zuwa ban haƙuri.

Ƙauyukanmu kuwa a manne suke da juna, magana ba ta kwana a hanya. Bayan shekara Ikrima ya je neman wata yarinya a ƙauyen gaba. Kakanta ya fito zaure, ya ƙare masa kallo.

"Kai ne Ikrima mai caji?"

"Ni ne, Baba."

"To yaro, jikata hannu biyu gare ta, kuma duka muna so. Allah ya kiyaye hanya."

Darasi: Kishin da zai raba ki da ƙawaye da karatu, ya sa ki tsoron yin dariya, ba so ba ne, cuta ce. 'Yan mata, kada ku ɓoye duka ko barazana. Samari, mai so ba ya cutarwa. Iyaye, ku saurara kafin ku yi faɗa. Ku tura wa wasu, wataƙila akwai wata Rukayya da ke ɓoye hannunta a cikin hijabi.