Mutumin da Ya Yi wa Tuji Taki

Akwai wani mutum, manomi, wanda tun tasowarsa dawa da masara yake nomawa, kuma ya iya su. Matsalarsa ɗaya ce: ba a koya masa abu. Kafin ka gama buɗe baki ya ce ya sani.

Mahaifiyarsa tana zaune a gidansa. Ita mutuniyar kan duwatsu ce, inda ake noman tamba, aure ne ya sauko da ita. Da tsufa ya kama ta, haƙora suka zube, tuwo ya daina shigar mata. Ba abin da take marmari sai kunun tamba irin wanda ta sha tana yarinya, ga shi a garin ba a cika samun tamba ba. Mutumin yana ƙaunar mahaifiyarsa ƙwarai, ramar da take yi kuwa tana damunsa. Sai ya yi mata alkawari, ya ce, "Mama, bana za ki sha kunun tambar da na noma da hannuna."

A garin maƙwabcinsa ne kaɗai ke noman tamba. Ya yayyafa iri a wani ɗan fili, ya tsiro, ya isa dashe. Mutumin ya je ya roƙe shi. Maƙwabcin ya ce, "Ciri iyakar abin da kake so. Amma bari in zo in nuna maka, don akwai tuji a ciki."

Mutumin ya ce, "Haba maƙwabci! Ni da na yi furfura a gona za a nuna wa ciyawa? Yi zamanka."

To, kun san tuji, ciyawar nan ta bakin hanya da ake takawa kullum ba ta mutuwa. Shi da tamba dangi ne. In suna ƙanana, ganyensu iri ɗaya ne, karansu ma duk a ɗan baje yake daga gindi, wanda bai saba ba ba zai raba su da ido ba.

Mutumin ya shiga fili bayan an yi ruwa. Ya kama wani tsiro, yana ja sai ya biyo hannunsa. Ya dube shi ya ce, "Wannan rago ne, ba zai yi ƙarko ba." Ya mai da shi, ya danne da ƙafa. Ya kama wani, ya ja, ya ƙi fitowa. Ya sa hannu biyu, ya yi nishi, da ƙyar ya tumɓuke shi. Ya ce, "Yauwa! Ga iri mai ƙarfi." Haka ya bi filin yana barin masu biyo hannu, yana kokawa da masu gardama, har ya cika kwando, gumi na zuba.

Da ya shigo gida da kwandon, mahaifiyarsa tana zaune a ƙofar ɗaki. Ta miƙa hannu ta ce, "Kawo in gani, ɗana."

Ya ce, "Ki huta, Mama. Ke dai ki wanke ludayinki." Ya wuce.

Ya dasa irin a wuri mafi kyau a gonarsa. Ya kwaso takin awaki ya zuba, ya yi noma, ya yi maimai, ko akuya ba ya bari ta gifta. Shukar kuwa ta yi kore shar, ta baje. Ba a daɗe ba ta fid da kai, alhali ta maƙwabcin ko alama ba ta yi ba. Murna ta kama shi, ya je ya kira maƙwabcin ya zo ya ga yadda ake noma.

Maƙwabcin ya zo, ya tsinki kai ɗaya ya duba. Yatsun kan sirara ne, a buɗe, ƙwayar ciki ko kaza sai ta yi haƙuri za ta tsince ta. Dariya ta ci ƙarfinsa har ya zauna a kan kunyar gona. Ya ce, "Tun da nake, ban taɓa ganin tujin da ya ji daɗin duniya kamar wannan ba. Kan tamba yatsunsa kaurara ne, in sun cika sai su lanƙwaso ciki kamar an dunƙule hannu. Ranar cira, wanda ya biyo hannunka shi ne tamba. Wanda ya ƙi, tuji ne."

Mutumin ya yi tsaye, kunya ta rufe shi. Lokacin dashe ya wuce, ga alkawari ya ɗauka. Abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba, ran nan ya faɗa. Ya ce, "Ban sani ba. Yanzu yaya zan yi da Mama?"

Maƙwabcin ya ce, "Zo ka taya ni aiki a tawa. In kaka ta yi, mu raba."

Haka aka yi. Ya yanke tujin ya ba jakinsa, jakin bai taɓa ganin damina mai daɗi irin wannan ba. Shi kuwa ya riƙa zuwa gonar maƙwabcin, yana aiki yana tambaya. Da kaka ta yi ya kawo rabonsa gida, aka sussuka, aka niƙa, aka dama kunu. Tsohuwa ta sha ƙwarya guda, ta ce a ƙara.

Mutumin ya durƙusa ya ce, "Mama, da hannuna a cikin wannan tamba, amma ba daga gonata ta fito ba. Gonata tuji na dasa."

Ta yi dariya, ta ce, "Ai na sani tun ranar da ka shigo da kwando. A cikin tamba aka haife ni. Na ce ka kawo in gani, ka ce in huta, sai na huta."

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, tamba zuciya ce mai yarda a ja ta, a ɗauke ta daga inda take a dasa ta inda za ta ba da amfani. Tuji kuwa zuciya ce mai taurin kai. Ga ido tana da ƙarfi, tana saurin fid da kai, amma ba ta ciyar da kowa. Sau da yawa mukan ruɗe kamar manomin nan. Mukan ga mai gardama mu ce jarumi ne, mu ga mai karɓar gyara mu ce rago ne. Har a cikin kanmu, halin da ya kamata mu tumɓuke shi muke zuba wa taki.

Ubangiji ba ya jan mu da igiya. Yakan ja mu ta wurin Maganarsa, ta bakin maƙwabci, ta bakin matarka ko mijinki, ta bakin tsohuwar da muka ce ta huta. Manomin nan ya yi asarar damina guda, Allah ya ji tausayinsa, mahaifiyarsa ta kai kaka da rai. Ba kowa ke samun haka ba. A gidanka akwai wanda ya miƙa maka hannu ya ce, "Kawo in gani," ka wuce shi. In mun tashi daga nan, koma ka miƙa masa kwandonka tun yana nan.