Abin da Ya Sa Kurciya Ke Karkata Kai

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

Wani manomi ne, Nomau, geronsa ya nuna. Kullum sai ya fito da malafa da shuɗiyar riga, ya yi ta jifan tsuntsaye da majajjawa. Har suka gane: in ga malafa ga riga, dutse na tafe.

Kurciya kuwa 'ya'yanta biyu na sheƙa, yunwa na cinsu.

Nomau ya gaji da tsayuwa. Ya kafa sanda, ya ɗora malafa kaɗai, ya tafi.

Hankaka ya ce, "Ga kansa! A gudu!"

Fir! Kurciya ta koma ba ko ƙwaya.

Washegari rigar kaɗai ya rataya.

"Ga cikinsa! A gudu!"

Kurciya ta ce, "Yaya Hankaka, jiya kai ba ciki, yau ciki ba kai. Wane irin mutum ne wannan?"

"Irin mai zuwa kashi-kashi! Ke dai tashi!"

Amma kukan 'ya'yanta na kunnenta. Ta sauka. Ta leƙa ƙarƙashin riga. Ƙafa ɗaya tal, har da gara a jiki.

"Jama'a, itace ne!"

Sai biki. Aka ci, aka yi rawa, Hankaka ya hau kafaɗar riga yana cewa, "Ai ni dama na sani."

Rana ta uku, ga malafa ga riga sun haɗu, tsaye ƙiƙam.

Hankaka ya ce, "Kai! Itace ya yi ado!"

Kurciya ta karkata kai, ta dubi malafa. Ta sake karkatawa, ta dubi ƙasa. Ƙafa biyu! Cinnaka ya ciji ɗaya, ɗayar na sosa ta.

"Yaya, itacen nan susa yake yi!"

Ina! Hankaka ya riga ya ɗare kan malafa yana juyi. Caraf! Nomau ya damƙe shi. Da ƙyar ya kuɓuce, rabin jela a hannun Nomau, manomin kuma ya bi shi da gudu har rafi.

Gona ta zama ta Kurciya. Ta cika maƙoshi, 'ya'yanta suka ci har suka ture.

Shi ya sa har yau kurciya ba ta yarda da kallo ɗaya. Sai ta karkata nan, ta karkata can, ta duba kowane abu daban, musamman ƙafa.

Ƙurunƙus! Ɗan ɓera ya ɗauke sauran.