Minti Ashirin da Gavin Ya Ƙi Jira

Akwai wani ma'aikacin motar asibiti a garinmu na Mulgara, can tsakiyar Ostireliya, sunansa Gavin Treloar. Aiki kam ya iya, ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma mutumin akwai ji da kai. Idan ka ba shi shawara, sai ya dube ka kamar ka taka masa ƙafa.

Duk shekara kulob ɗin masu aikin sa-kai na garin yakan shirya liyafa ya ba da lambar yabo biyu. Ɗaya ta ma'aikacin motar asibiti ce, ɗaya kuma ta ma'aikacin lafiya daga cikin Aborijin, 'yan asalin ƙasar. A shekarar nan Gavin aka zaɓa, tare da Lionel Dixon, mai kula da ƙaramin asibitin ƙauyensu, tafiyar awa ɗaya daga gari.

Ranar liyafar, da la'asar, aka kira Gavin zuwa ƙauyen. Wata dattijuwa, Gwaggo Noreen, tana ta haɗa zufa, ta kasa tashi.

Ya tarar da Lionel tsaye a bakin shingen gidanta, ya juya wa gidan baya.

"Mutumina, me kake yi a waje? Mu je ka yi mini tafinta."

"Ba zan iya shiga ba," in ji Lionel. "Surukata ce."

A wurinsu namiji ba ya kallon uwar matarsa, ba ya yi mata magana, ba sa haɗuwa a ɗaki ɗaya. Kowa a yankin ya san haka, har shi Gavin da ya shekara shida a nan.

Lionel ya ce, "Ka jira Sharna, abokiyar aikina. Ta je yin allura bayan rafi, minti ashirin za ta iso. Ita tsohuwar za ta gaya wa gaskiya. Ciwon suga gare ta, ka kuwa san masu shi, ciwon zuciya kan ci su a ɓoye."

"To likita, kai za ka koya mini aiki? Ƙarfe shida za a fara liyafa, ko wanka ban yi ba. Kai ma fa ana jiranka, sarkin kunya."

Ya kama hannun Lionel ya ja shi har cikin ɗakin. Tsohuwa na ganin wanda ya shigo ta juya fuska bango, ta ja bargo ta rufe kai.

Gavin ya gwada jininta, ya ga da ɗan dama. "Gwaggo, ina ke ciwo?"

Shiru.

"Za ki bi ni asibiti?"

Ko motsi ba ta yi ba. Lionel kuwa ya kafa ido a ƙasa. Nan take Gavin ya rubuta a takarda cewa mara lafiya ta ƙi zuwa asibiti, ya ce a dafa mata shayi ta huta.

Lionel ya bi shi har mota yana roƙo. "Don girman Allah ka dakata. Ba ƙi ta yi ba, ni ne na hana ta magana."

Gavin ya ɗaga gilashi ya tafi. Wallahi duk lokacin da na tuna wurin nan sai raina ya ɓaci.

Ina cikin waɗanda suka je liyafar. Gasasshen rago da dankali, kowa ya ci ado. Gavin ya karɓi lambarsa cikin baƙar kwat, ya ce sirrin aikinsu shi ne sauri, aka yi ta tafi.

Shugaban kulob ya kira sunan Lionel sau uku. Sai ga shi ya shigo da kayan aiki, gwiwoyin wandonsa duk jar ƙasa. Bai dubi lambar da ake miƙa masa ba, ya tsaya gaban Gavin. A hankali ya yi magana, amma duk mun ji.

"Sharna ta iso bayan tafiyarka da minti goma sha biyar. Tsohuwa ta ce mata tun safe take jin kamar an ɗora mata dutse a ƙirji. Ba ta rufe baki ba numfashinta ya ɗauke. Muka kira mota, aka ce ka tashi aiki, wadda ta rage tana da nisan awa biyu."

Murmushin Gavin ya gushe.

"Sharna ta yi ta danna ƙirjinta har hannuwanta suka gaji, sai na karɓa. Shekara goma sha tara ban taɓa ganin fuskar matar nan ba, Gavin. Yau na gani, hannuna a ƙirjinta, matata tana tsaye tana kallo."

Da ƙyar Gavin ya ce, "Ta farfaɗo?"

"Da ta farfaɗo, da ban zo nan ba."

Lionel ya juya ya fita. Babu wanda ya ƙara taɓa abinci.

An yi bincike, aka kori Gavin, ya bar garin ba sallama. Amma wannan bai dawo da komai ba. Lionel bai sake saka kayan aiki ba. Ya ce duk sanda ya miƙa hannu zai taɓa mara lafiya, fuskarta yake gani.

Darasi: Iliminka ba zai cece ka ba idan ka raina wanda ya fi ka sanin mutanensa. Ba kowane shiru ne ƙi ba, kuma gaggawa aikin shaiɗan ce, haƙurin minti kaɗan kan tsare rai. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu aikin lafiya da duk wanda rayukan mutane ke hannunsa.