Yadda Mai Jan Jakin Sarki Ya Sami Suna

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta.

A zamanin da, a wani gari na Bani Isra'ila, akwai wani bara a gidan sarki. Aikinsa jan jakin sarki. Tun yana ƙarami aka kawo shi daga wata ƙasa, ba wanda ya san sunan da uwarsa ta raɗa masa, shi ma bai sani ba. In ana nemansa sai a ce, "Kai!" Sai ya taho.

A gidan kuwa akwai wata budurwa mai gasa gurasar sarki, sunanta Atara. Kullum in ta gama sai ta ajiye guda ɗaya mai zafi a kan katangar garke, ta wuce ba ta waiwaya ba. Shi kuma sai ya ci rabi, ya ba jaki rabi.

Ana nan, ana nan, sai ya tafi wurin ubanta ya durƙusa. Ya ce, "Baba, Atara nake so."

Tsoho ya ce, "Ban ƙi ka ba, yaro. Amma a al'adarmu, ranar aure sai an kira sunan ango a gaban dattawa ya amsa. Ni me zan kira? In na ce 'Kai', duk gari za su waiwayo. Ka zo mini da suna kafin a gama girbin alkama."

Mutanen nan ba sa aiki ranar Asabar, har dabbobinsu hutawa suke yi. A ranar ce kaɗai jakin yake magana, don sauran ranaku gajiya ba ta barinsa. Bara ya gaya masa damuwarsa. Jaki ya ce, "Abokina, ka yi haƙuri, kada ka je nema a waje."

Ashe dila na bayan katanga yana ji. Sai ya leƙo ya ce, "Suna kake nema? Ai ni nake sayar da su. Kawo kaza."

Ya ba shi kaza. Dila ya ce, "Daga yau kai ne Jarumi."

Ya shiga kasuwa yana faɗa wa mutane. Sai wani kare ya yi masa haushi, sai ga Jarumi a kan bishiyar ɓaure. Yara suka yi ta dariya.

Ya koma wurin dila. Dila ya ce, "Wancan ya yi maka yawa. Kawo ɗan akuya." Ya kawo. Dila ya ce, "Kai ne Masani."

Fadawa suka ji, suka ce, "Masani, yaushe za a yi ruwa?" Ya ce gobe. Washegari rana ta ƙwalle har ƙasa na tsagewa.

Girbi ya zo ƙarshe, saura gona ɗaya. Dila ya sake zuwa ya ce, "Akwai sauran suna guda, na ɗan sarauta, wanda ba mai gwada ka a kansa. Ba na son komai naka. Ranar Asabar kowa na ɗaki, ka bar ƙofar garke a buɗe kawai. Ƙawata kura tana son ta gaisa da jaki."

Bara ya dubi jaki, ya dubi katangar da ake ajiye masa gurasa. Sai ya ce, "Riƙe sunanka."

Dila ya ce, "To ka rasa Atara ke nan."

Ya ce, "Na sani."

Asabar da tsakar rana sai ga kura, ta ce ko an buɗe ko ba a buɗe ba sai ta shiga. Bara ba sanda, ba wuƙa, sai ya tare ƙofa da jikinsa. Kura ta cafke masa hannu, bai matsa ba. Jaki ya kwarma ihu, mutane suka fito, kura ta arce, dila na biye da ita.

Sarki ya iso ya ga jini. Ya ce, "Wane ne wannan? Yaya sunansa?"

Fadawa suka dubi juna. Sai aka ji wata siririyar murya daga baya ta ce, "Lallami, ranka ya daɗe."

Sarki ya ce, "Wa ya raɗa masa?"

Atara ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta ce, "Ni ce, tun bara, amma a zuciyata. Ban taɓa ganin ya daki jakin nan ba. In ya ƙi tafiya, lallaminsa yake yi har ya tashi."

Ubanta ya ce, "Ke, kina da shi a hannu kika bar yaron mutane yana hawa bishiya?"

Ta ce, "Baba, ai ba wanda ya tambaye ni."

Sarki ya yi dariya ya ce sunan ya zauna. Da aka gama girbi aka tara dattawa, tsoho ya miƙe ya ce, "Lallami!" Duk taron mutum ɗaya ne ya waiwayo, ya ce, "Na'am, Baba."

Kun ji, sunan da aka sayo ba ya zama a jikin mutum. Wanda yake zama shi ne wanda halinka ya jawo maka a bakin mai ƙaunarka.

Ƙurunƙus kan kusu, na sauke muku ita a nan.