Abin da Barakatu Ta Ɓoye wa Mushe Faruku

A garin Dungas akwai wata tela mai suna Barakatu. Mace ce mai tsabta da kamun kai, ɗinkinta kuma har daga garin Dogo-Dogo ake kawo shi. Sai dai tana da hali guda: ba ta son kowa ya san lalurarta. Ta gwammace ta wuni da ciwo da a ce mata sannu, don a ganinta duk wanda aka tausaya wa an raina shi.

Ƴarta guda ce, Muhsina, mai shekara bakwai. Tun tana shekara uku likitoci a Damagaram suka ce tana da amosanin jini, wanda mutane ke ce wa emasi. Suka ja kunnen iyayen cewa kada ta galabaita, kada ta zauna da ƙishirwa, kada sanyi ya kama ta. Daga Barakatu sai mijinta Wada, mai fataucin dabbobi, suka san zancen. Ko kakar yarinyar ba ta sani ba. In ciwon ya tashi, sai Barakatu ta rufe ƙofa ta ce zazzaɓi ne. Tana da ƙane da ya rasu da wannan ciwo, kuma ba ta manta yadda mata ke kallonsa suna cewa ba mai daɗewa ba ne. Ta yi alkawari ba za a yi wa ƴarta irin wannan kallo ba.

Da aka yi babban hutun lakwal, wato makaranta, na damina, wani malamin firamare da ake kira Mushe Faruku, don mushe ake ce wa malami a can, ya buɗe wasannin motsa jiki na yara a filin lakwal. Daga ƙarfe takwas zuwa azahar ake yi, ƴan shekara shida zuwa goma, maza da mata. Akwai gudu, akwai ƙwallo, da langa da tsallen igiya. Iyaye suka yi murna, domin da damina manya na gona, yara kuwa sai yawon kududdufi, kuma kowace shekara sai an shiga fargabar ruwa. Muhsina ta ga ƙawayenta za su je, ta yi kwana uku tana roƙo. Wada ya ce a bar ta ta je, amma a gaya wa malamin halin da take ciki. Barakatu ta amsa da to.

Ranar rubuta suna, Mushe Faruku ya zauna a gindin bishiyar dogon yaro da littafinsa, mata suka yi layi. Kowace uwa sai ya tambaye ta ko yaronta na da wani ciwo. Hinda, maƙwabciyar Barakatu, ta ce ɗanta na da fuka. Mushe ya rubuta, ya ce zai riƙa hutar da shi. Da aka zo kan Barakatu, sai ta ji matan da ke bayanta sun yi shiru, kamar ita kaɗai suke saurare.

“Maman Muhsina, akwai abin da ya kamata in sani game da lafiyarta?”

“Lafiyarta lau,” in ji Barakatu.

A hanyar gida ta gaya wa kanta za ta koma ta same shi shi kaɗai. Washegari ɗinki ya yi mata yawa. Rana ta uku ta ga ai yarinyar ta dawo lafiya. Daga nan sai ta sauya dabara. Kullum da safe takan cika mata gora da ruwa, ta ce ta riƙa sha, kada ta yi gudu da yawa. Sannan ta riƙe kafaɗarta ta ce ko wa ya tambaye ta, kada ta ce tana da ciwo. Da Wada ya tambaya ko an sanar da malamin, ta ce an gama wannan.

Mako biyu Muhsina ta yi cikin farin cikin da uwarta ba ta taɓa gani ba. Takan dawo ƙafafu buɗu-buɗu, ta ci tuwo har ta nemi ƙari, ta yi ta labarin wanda ya faɗi a langa. Ashe kuma a gudu ba mai kama ta cikin sa'o'inta. A bakin famfo mata na ta yabon Mushe, kowace na cewa nata ya daina rigima, ko ya fara barci da wuri. In aka ambaci gudun Muhsina, Barakatu takan yi murmushi ta ce gado ne.

Ranar wata Laraba gari ya wayi da zafi mai nauyi, irin na kafin ruwa. Aka shirya tsere rukuni-rukuni. Muhsina ta yi nata, ta karɓi na wata da ta ji tsoro, sannan ƙawayenta suka tura ta zagaye na uku. Gorarta kuwa ta raba wa yara tun da hantsi. Ana gamawa hadari ya haɗu, ruwa ya kece, yara suka yi ta tsalle a cikinsa kafin a tattara su cikin aji. Can Muhsina ta zauna a ƙasa ta kama ƙafafunta tana kuka. Mushe ya durƙusa ya tambaye ta ko tana da wani ciwo da takan yi. Ta girgiza kai. Ya duba littafinsa, ya ga babu komai a gaban sunanta. Sai ya ɗauka jijiya ce ta ɗaure saboda gudu. Ya jiƙa tsumma da ruwan randa mai sanyi ya naɗe mata ƙafafu, ya ce a jira ruwa ya tsagaita.

Barakatu na kan keken ɗinki lokacin da ruwan ya sauko. Ta tuna an ce kada sanyi ya kama yarinyar. Ta ɗauki mayafi har ta kai zaure, sai ta tuna cewa in ta isa filin a guje cikin ruwa, ita kaɗai cikin iyaye, za a tambayi dalili. Ta koma ta zauna. Ba ta iya ɗinkin ba, ba ta kuma fita ba.

Bayan awa biyu Mushe Faruku ya shigo da yarinyar a kafaɗa, jikinta zafi rau, leɓɓanta sun yi fari, ko kukan ba ta iya yi. Suka wuce gidan likita tare. Sai da majo, babban ma'aikacin wurin, ya sa kowa ya fita, sannan Barakatu ta faɗa masa ciwon yarinyar a hankali. Ya sa wa yarinyar ruwa, ya ce jininta ya yi ƙasa sosai, a nan kuma ba su da jinin ƙari, sai Magariya.

Amma ruwa ya cika kwari ya yanke hanya. Direban ambilans ya je ya duba ya dawo, ya ce ko babbar mota ba ta wucewa. Masu baburan kabu-kabu suka ce ba za su ɗauki marar lafiya su shiga wannan ruwa ba. Wada na kasuwar Maigatari, ana kiran wayarsa tana shiga tana yankewa. Barakatu ta zauna a bakin gado tana riƙe da hannun ƴarta. Duk abin da ta sani ta yi: ta lulluɓe ta, ta shafa mata ƙafafu, ta yi addu'ar da ta iya. Ba abin da ya sauya. Wajen la'asar ta ga bakin yarinyar ya karkace, hannun hagu ya saki. Ta kira majo, ya zo ya duba, ya ce abin da yake tsoro ke nan, kuma ba abin da ke hannunsa sai jira.

Sai washegari da hantsi ruwa ya janye suka isa Magariya. Aka ƙara mata jini, rai ya tsaya. Likita ya ce ciwon ya taɓa ƙwaƙwalwa, ɓarin hagu ya shanye, wataƙila ya dawo kaɗan, wataƙila a'a. Wada ya iso ya ji yadda aka yi. Bai yi faɗa ba. Ya tambaye ta sau ɗaya ko da gaske ba ta gaya wa malamin ba, ta sunkuyar da kai, ya fita ya zauna a waje.

A kwana na huɗu Muhsina ta fara magana, harshenta na nauyi. Barakatu ta kai kunne kusa.

“Inna, Mushe ya tambaye ni. Ban faɗa ba.”

Ta faɗi haka ne tana jiran a yaba mata. Barakatu ta ce ta kyauta, sannan ta fita bayan ɗakin ta toshe bakinta da mayafi.

A Dungas kuwa magana ta riga ta bazu cewa Mushe Faruku ya sa yarinya lafiyayya gudu har ta shanye. Matan da ke yabonsa a bakin famfo su ne suka fara janye ƴaƴansu. Kafin mako ya zagayo filin ya zama wayam. Hinda ta kira Barakatu a waya tana ba ta labari, tana cewa Allah ya isar mata. Barakatu ta ji, ta yi mata sallama ba tare da ta wanke malamin ba.

Ranar kwana na goma sha biyu Mushe ya zo Magariya dubiya, riƙe da ledar dabino. Ya rame. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ya zo neman gafara, don shi ya bar ta ta yi zagaye uku, shi ya sa mata ruwan sanyi. Ya ce ya rubuta takarda a sauya masa wurin aiki, ba zai iya kallon iyayen garin ba. Nan Barakatu ta kasa daurewa. Ta gaya masa komai, tun daga Damagaram har layin gindin dogon yaro.

“Maman Muhsina, da kin gaya mini, ai ba korarta zan yi ba,” in ji Mushe. “A inuwa zan ajiye ta kusa da ni, ta riƙe mini usur, ta yi wasa daidai ƙarfinta. Kuma ba wanda zai ji daga bakina.”

Ya ajiye dabinon, ya shafa kan yarinyar, ya tafi.

Da suka koma gida, Barakatu ta bi maƙwabta gida-gida tana faɗin gaskiya. Wasu suka yarda, wasu suka ce tana rufa wa malamin asiri ne. Maza biyu suka je ba shi haƙuri, suka tarar takardarsa ta fito, an mai da shi can wajen Waca. Ba wanda ya sake buɗe wasannin.

Yanzu Muhsina na tafiya da jan ƙafa, hannun hagun kuma bai dawo ba. Duk garin ya san ciwonta, kuma mutane sun fi yi mata alheri fiye da yadda uwarta ta zata. Da hutun damina ya sake zagayowa, ta tambayi uwarta ko Mushe zai dawo bana, don ita ta ji sauƙi, tana jin za ta iya gudu kaɗan. Barakatu ta tsayar da keken ɗinki, ta jawo ta jikinta ta rungume.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, duk wanda ka damƙa wa ɗanka, ka damƙa masa gaskiyar lafiyarsa tare. Malami ko mai koyar da wasa ba ya iya kare yaro daga abin da aka ɓoye masa. Ciwo ba abin kunya ba ne, kuma maganar mutane ba ta kai lafiyar yaro daraja ba. Kada kuma mu koya wa ƴaƴanmu yin shiru a kan abin da zai cuce su, domin su za su bi umarninmu da zuciya ɗaya, mu kuwa mu zo muna nadamar da ba ta gyara komai.