Cizon Gunya a Jikin Turke

Iya Tabawa ta miƙa ƙafafunta wajen wuta, ta ce wa jikokinta, "Ku matso kusa, yau ba ni da ƙarfin ɗaga murya. Ga ta nan, ga ta nan gare ku."

Yaran suka ce, "Ta taho mu ji ta, Iya."

Wata goɗiya ce ake ce mata Gunya. Ba ta da ubangida, ba ta da barga. Dako take yi wa fatake, su ɗora mata gishiri ta kai kudu, su ɗoro mata goro ta kawo arewa, su sallame ta da hatsi. Shekara da shekaru tana wannan wahala, har gashin gadon bayanta ya goge, wurin ya koma fata zalla. Sai da tsufa ya fara kama ta sannan Allah ya ba ta ɗa guda, wani ɗan dukushi mai dogayen ƙafafu, ta sa masa suna Bidi. Burinta a duniya ɗaya ne, Bidi ya girma ya zama ingarma, ya karɓe ta kayan nan, ita kuma ta samu gindin tsamiya ta kwanta ta huta.

Da kaka ta yi, ta yaye shi. Fatake suka fara ɗaure kaya, ga Bidi bai isa doguwar tafiya ba, ga sanyi na tafe, ciyawa ta fara bushewa. Gunya ta tattara duk abin da bayanta ya samo mata. Ta tara harawa a kan rumfa, ta cika buhu da dusa, ta zuba dawa a rumbu, ta ajiye dunƙulen kanwa. Saura wanda zai riƙe mata yaro. Ta je wajen Akuya, Akuya ta ce nata ma sun ishe ta. Ta je wajen Jaki, Jaki ya ce ai shi ma da shi za a tafi. Tana tsaye ta rasa yadda za ta yi, sai ga Gizo, wanda tun safe yake zagaya rumbun yana haɗiyar yawu.

Ya durƙusa, da tsamin bakin nan nasa ya ce, "Yanki ya daɗe, ina da yai kike neman mai yiƙo? Kawo shi gidana. Ni da Ƙoƙi ba mu da aikin da ya fi wannan."

Gunya ta san halin Gizo, wa bai sani ba? Amma ta gaji, fatake kuma ba sa jira. Ta ce, "To, saurara da kyau. Harawa safe da yamma. Dusa a dama masa da ruwa mai ɗumi. Dawa cikin tafin hannu kawai, kada ka wuce haka. Kanwa ya riƙa lasa. In ɗari ya tsananta ka ƙara masa, don sanyi ma yana cin rabonsa a jikin yaro. Wannan shekarar ce shekarar ƙashinsa. In ta wuce shi, ba ta dawowa."

Gizo ya ce, "An gama."

Aka kwashe kayan abinci zuwa gidan Gizo. Gunya ta tsayar da Bidi a jikin turken da ke tsakar gidan, ta ciji turken daidai kafaɗarsa har haƙoranta suka fito raɗau a jikin icen. Ta ce, "Hanyarmu ta nan take bi. Duk sanda muka zo wucewa zan leƙo ta kan danga in ga inda ya kai." Bidi ya shige ƙarƙashin cikinta ya ɓullo ta ɗaya gefen, wasan da ya saba yi mata ke nan tun yana jariri. Ta lashi goshinsa, ta juya ta bi fatake.

Ƙurar tafiyarsu ba ta kwanta ba Gizo ya ce, "Ƙoƙi, ɗora tukunya." Dawa ta zama tuwo. Kanwa ta shiga miyar kuka. Dusa kuwa kajin Ƙoƙi suka samu, harawa kuma ya riƙa kai wa masu shanu suna ba shi nono. Shi Bidi sai busasshen kara da ƙaiƙayi, da ruwan randa mai sanyi a cika masa ciki.

Bidi ya ce, "Baba Gizo, Inna ta ce harawa."

Gizo ya ce, "Harawa tana nan, ba gudu za ta yi ba. Ana gobe uwarka za ta sauka sai in haɗa maka duka ka cinye. Abinci ai abinci ne, yau ko gobe."

Sanyi ya shigo. Wata safiya Gizo ya jiyo ƙararrawar fatake daga nesa. Ya dubi Bidi, ya dubi turke, kafaɗa tana nan daidai cizo, ko kaurin tsinke ba ta ƙaru ba. Ya ruga ya fizge taɓarya daga hannun Ƙoƙi, ya hau turmi ya dinga dukan kan turken, tim, tim, tim, har turken ya nutse da kamu guda. Cizo ya sauko ƙasa da kafaɗa.

Ashe a ƙarƙashin turken nan Gafiya ke da gida. Ta leƙo da ƙasa a ka, ta ce, "Gizo, icenka ya huda mini rufin ɗaki."

Gizo ya ce, "Koma ciki, taga na yi miki."

Sannan ya raɗa wa Bidi a kunne, "Ka ga bayan uwarka? Duk gyambo ne. In ka ce mata kana jin yunwa, ƙara kaya za ta sa a yi mata don ta samo maka wani abincin. Kai ka sani."

Gunya ta iso da kaya niƙi-niƙi, ba halin shiga gida, ba halin tsayawa. Ta leƙo ta kan danga, idanunta jajur don gajiya. Ta ga cizo ya koma ƙasa da kafaɗa, ta ce, "Alhamdulillahi. Bidi, kana ƙoshi?"

Bidi ya dubi bayanta, ya ce, "Ina ƙoshi, Inna."

Madugu ya daka tsawa, ta wuce.

Nan Ladidi, ƙaramar cikin jikokin, ta ce, "Iya, da ni ce sai in faɗa."

Iya Tabawa ta ce, "Ke ai ko ba ki ji yunwa ba faɗa kike yi. Bari in ci gaba, bayana ya riƙe."

Ɗari ya kai tsakiya, irin wanda ruwan randa ke riƙe haƙori. Bidi ya kan kwana yana karkarwa, abin da ya ci bai isa ya ɗumama shi ba balle ya gina shi. Gashinsa ya yi tsawo ya hargitse, haƙarƙarinsa suka fito ana iya ƙirga su. Gizo kuwa har wuya ya aje. Ƙararrawa ta sake kaɗawa, ya sake ɗauko taɓarya, tim, tim, tim. Cizo ya sauko ƙirji.

Gafiya ta leƙo ta ce, "Gizo, icenka ya karya mini gado."

Gizo ya ce, "Kwanta a ƙasa, ya fi lafiya ga baya."

Gunya ta leƙo ta kan danga, ta ga cizo a ƙirji, ta ji daɗi. Amma ta ce, "Wannan gashin fa? Na ga ya yi buzu-buzu."

Gizo ya ce, "Yanki ya daɗe, gashin ƙoshi ne. Abinci ne ya yi masa yawa yake fitowa ta fata."

Ta ce, "Bidi, kana ƙoshi?"

Ya ce, "Ina ƙoshi, Inna." Muryar ta fito siririya, amma iska ta kwashe rabinta, rabin da ya rage kuma Gunya ta ji abin da take so ta ji. Ranar har waƙa ta yi a hanya, ita da ta shekara ba ta yi ba.

Sanyi ya fara ja da baya, zafi ya kunno kai. Karo na uku ƙararrawa ta kaɗa, Gizo ya buga turke har taɓaryar Ƙoƙi ta tsage. Cizo ya koma gwiwa.

Gafiya ta leƙo, wannan karon ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Gizo, icenka ya fasa mini tukunya, abincin 'ya'yana ya zube."

Gizo ya ce, "Su yi azumi."

Gafiya ta dube shi, ta dubi Bidi, ta koma raminta.

Gunya ta leƙo, ta ga cizo a gwiwa, hawaye suka zubo mata. Ta ce wa Jaki da ke bayanta, "Ka gani? Wannan ce tafiyata ta ƙarshe. In mun kai goron nan mun dawo, na sauke ke nan." A tafiyar nan har ta roƙi madugu ya ƙara mata kaya, wai tunda ta ƙarshe ce.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas, labari ya zo cewa fatake sun kusa sauka. Sai a lokacin Gizo ya leƙa rumbu, ya tarar da ɗan abin da ya rage a gindi. Ya kwaso dawar duka ya juye wa Bidi a gaba, ya ce, "Ci. Ga na farkon sanyi, ga na tsakiya, ga na ƙarshe. Maza ka girma kafin gobe."

Bidi da ya daɗe bai ga ƙwayar hatsi ba ya kafa kai ya cinye. Cikin da ya saba da ƙaiƙayi ina zai iya da dawa haka? Ya kumbura kamar tulu, yaron ya dinga birgima yana gumi, ya kwanta ya tashi, ya kwanta ya tashi. Da ƙyar ya sha. Gari ya waye yana tsaye a kan ƙafafu kamar sillen kara, ciki a gaba, ido a zurme. Gizo ya zagaya shi ya ce, "Madalla, ga ƙiba ta zo."

Da hantsi Gunya ta iso. An sauke mata kaya, karo na farko ta shigo ta ƙofa. Ta sa haƙoranta ta kwance igiyar da aka ɗaure Bidi da ita. Bidi don murna ya manta da ciwonsa, ya ruga ya shige ƙarƙashin cikinta ya ɓullo ta ɗaya gefen, kamar yadda ya yi ran da ta tafi. Ko sunkuyawa bai yi ba, bayansa bai taɓa cikinta ba.

Gunya ta tsaya cik. Ta ce, "Sake."

Ya sake shigewa ya fito.

Ta dubi cizo a gwiwarsa, ta dubi yaron, ta rasa wanne za ta gaskata. Sai ga Gafiya ta fito da guntun fasasshiyar tukunya a hannu, ta ce, "Sannu da hanya, baiwar Allah. Ba ɗanki ne ya hau ba, icen ne ya sauka. Rabinsa yana ɗakina, in kina so ki zo ki gani."

Gunya ta kama turken da baki ta jijjiga, ta zare shi. Ya dinga fitowa, ya dinga fitowa, jiƙe da ƙasa. Ta tsayar da shi a kan tsohon zurfinsa, ta jawo Bidi kusa. Kafaɗa ta zauna daidai cizo, yadda ta bar ta da kaka.

Gizo ya fara, "Yanki ya daɗe, ai duk abincinsa na ba shi, jiya ma…" Bai ƙarasa ba ya haye bango ya maƙale a kusurwar rufi, yana jiran harbi. Harbin bai zo ba. Gunya ba ta da sauran ƙarfin ɗaga ƙafa, ko kallonsa ba ta yi ba. Shi kuwa tsoro ya hana shi saukowa, yana can har yau, ƙaton ciki da ƙafafu sirara, kamannin da ya ba ɗan mutane.

Ta juya ga Bidi ta ce, "Sau uku ina tambayarka."

Ya ce, "Na ga bayanki ne, Inna."

Abin ya yi mata ciwo fiye da duk gyambon da ke jikinta. Ta ce, "Laifina ne. Ice na tambaya, ban shigo na taɓa ka ba."

Ruwa ya sauka, ciyawa ta fito. Gunya ta kai shi fadama, ya ci, ya ci, gashinsa ya kwanta ya yi sheƙi, haƙarƙari suka rufe, ya yi ƙiba ya yi ƙarfi. Tsawo ne dai bai zo ba. Kullum da yamma sai ta ce ya shige ƙarƙashinta, kullum sai ya wuce sumul. Daga baya ta daina cewa. Shi ne kakan gajerun dawakan nan da kuke ji ana ce wa kuru.

Da kaka ta zagayo fatake suka ɗaure kaya. Madugu ya dubi Bidi ya ce rabin kaya kaɗai zai iya. Bidi ya ɗauki rabinsa. Ɗaya rabin aka ɗora a kan tsohon gyambon Gunya, suka bi hanya tare, ta wuce gindin tsamiyar ba ta waiwaya ba.

Iya Tabawa ta tura wani ice cikin wuta. Ta ce, "To kun ji. Abin da ƙarami zai ci yau, yau ake ba shi, ba a tara masa girma a rumbu. Kuma in ka ba da amanar naka, kada ka tsaya a bayan danga kana leƙe, shiga ka sa hannu. Kai Tanko, akuyar nan da aka ba ka kiwo, tun la'asar nake jin kukanta. Ƙurungus, na aje ta a kan ɗan kusu. Wani ya kama ni in tashi."