Gangar Mati a Ruwan Laka

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta.

Kwana da kwanaki Tabawa ba ta da sukuni. Ita kifanya ce, tana zaune a bakin teku, inda kogi ke zubowa, ruwan daɗi ya gauraya da na gishiri. Wurin duk laka ne, ko wutsiyarka ba ka gani. Shi ya sa Allah ya sa wa mazansu ganga a ciki, wata 'yar jaka mai iska. In suka kaɗa ta, sai ka ji gurr, gurr. Da ita ake gane juna.

To, ɗanta Mati ya tasa, gangarsa ta fara tashi. Ita kuwa sai ta tuna ubansa. Masunci ne ya kara kunne a gindin kwalekwale, ya ji kiɗansa, ya watsa masa raga.

Sai ta ce, "Mati, kada in ƙara jin kiɗan nan."

Ya ce, "To, Inna."

Ran nan aka tafka ruwa a tudu, kogi ya taho a fusace, ya raba su.

Sai Tabawa ta je wa Ƙaguwa a bakin raminta, tana cigiyar ɗanta. Ƙaguwa ta ce yau ido ba ya aiki, kiɗa kuma ba ta ji ba. Sai ta je wa Jatan Lande. Ya leƙo daga nesa, don ya san shi abincinsu ne, ya ce shi ma shiru. Sai ta je wa tsohuwar Kififiya. Kififiya ta ce, "Ƙanwata, yaron da kika hana motsi, wa zai ji shi?"

Tabawa ta kwanta a laka, ta kasa kunne. Can sai ta ji gurr, ƙasa-ƙasa, cikin ɗari-ɗari. Ya tsaya. Ya sake. Ta bi, ta bi, ta tarar da Mati maƙale cikin saiwoyi.

Ya ce, "Inna, ki yafe ni, na karya maganarki."

Ta goga kanta a jikinsa, ta ce, "Buga abinka, ɗana. In inuwar jirgi ta zo, ka yi shiru. In ta wuce, ka buga."

Kun ji, uwar da tsoro ya sa ta rufe bakin ɗanta, ranar da ya ɓace ba za ta ji kiransa ba. Ni ma nawa ɗan ya ce zai tafi Ikko koyon aiki, har yau ban amsa masa ba. In riƙe shi, ko in sa masa albarka?

Ƙurunƙus kan ɗan kifi.